Wasiƙun Gindin Doki

Shekaranjiya da hantsi maiɗakina ta ɗauko tsohon farantin tagullar da muke zuba dabino, ta jiƙa tsamiya, ta haɗa da toka, ta zauna bakin famfo tana dirza. Warin ya shigo har inda nake kwance. Wanda bai san shi ba, ba zan iya kwatanta masa ba. Tsami ne haɗe da ƙarnin ƙarfe, mai tsaya wa mutum a maƙogwaro. Na ce mata don Allah ta ja ƙofa. Ta ce me ya yi zafi, na ce ba komai. Ƙarya na yi mata. Warin hannun kakana ne. In na tuna Kaka sai na tuna dokin nan, in na tuna dokin kuwa raina sai ya ɓaci, yau shekara arba'in da wani abu.

Ni ban yi karatu mai nisa ba, kada ka sa ran jin zance mai ado. Abin da na gani zan faɗa maka.

A kan dutsen Nakkasa a Makka na tashi, a ɗaki biyu na katako da gwangwani. Da rani kwanon rufin yana ƙara kamar ana soya shi. Ruwa sai an hau da shi a garwa, akuyoyi kuma sun fi mu sanin hanya. Iyayenmu ta ƙasa suka zo daga ƙasar Kano. A tsaya nan a yi aikin auduga, a tsaya can a yi dako, har suka kai Hartum. A can aka haife ni, a goye aka tsallako da ni teku.

A tsakiyar Hartum ɗin, a wancan zamani, akwai wani mutum-mutumi na tagulla. Wani janar ne na Turawa, wanda ya jagoranci mayaƙansu suka ci ƙasar, an yi shi zaune a kan ingarma, an ɗora bisa dakali mai tsawo. Hukumar gari ta ɗauki Kaka aikin wanke shi. Shekara bakwai yana hawa tsani da bokiti da burushi, da wannan aikin ya tara guzurin da ya kawo mu Makka.

Satin farko da ya kama aikin, ya dubi dokin ya gan shi baƙi da kore-kore, ya ce mutanen nan ba su san tagulla ba. Shi ɗan gidan maƙeran fari ne a garinsu, a wurinsa tagullar da ba ta ƙyalli ba a wanke ta ba. Ya yi sammako da tsamiyarsa da tokarsa, ya kama ƙafar gaba ta dama, kafin azahar ta koma kamar zinariya. Yana tsaye yana jiran yabo sai Baturen da ke kula da su ya iso, ya cire hularsa ya buga da ƙasa. Ashe baƙin nan da gangan aka yi shi, shi ke kare ƙarfen. Aka daɗe doki yana tsaye da ƙafa ɗaya mai walƙiya, mutanen gari suna zuwa kallo.

“Da sun bar ni na gama,” in ji Kaka, “da sun ga doki.”

Wannan labari na ji shi har ya fita daga raina. A Makka sana'arsa goge tagulla ce, butocin gahawa da farantai na gidajen masu hali. Duk wanda ya kawo aiki sai ya tafi da labarin doki. Faɗin ƙirjinsa, jijiyar wuyansa, inda tsuntsaye suka fi son zama a kan hular janar. Kai ka san garin nan, ko hoton mutum ba kowa ke ratayewa a bango ba, balle a tsaya ana yabon mutum-mutumi. Wata rana bayan sallar la'asar wani dattijo maƙwabcinmu ya tare shi a ƙofar masallaci. Bahaushe ne, amma shi da ubansa duk a nan aka haife su, Hausarsa rabi Larabci.

“Ya Hajji, ka ji tsoron Allah,” ya ce. “Wannan gunki ne. A ƙofar masallaci kake ba yara labarin gunki?”

“Sujada ka ji na ce na yi masa?” in ji Kaka. “Kashin tsuntsu na wanke. Da kashin tsuntsun nan na kawo mutum shida ɗakin Allah. Kai da aka haifa a nan, wa ka kawo?”

Baba yana wurin. Ya sunkuyar da kai ya nemi takalmansa. Sati guda bai yi salla a masallacin unguwa ba.

To ga abin da ba a faɗa a gidanmu. Baba ba shi ne babba ba, yana da wa, Baffa, ɗan farin Kaka. Da aka tashi tsallakowa, Baffa ya ce shi sai baɗi, matarsa tana da tsohon ciki. Suka ɗan sa-in-sa, Kaka ya miƙa masa bokiti da tsani ya ce to ya zauna da dokin. Baɗin nan ta zama shekara goma sha ɗaya. Kaka yana tsufa, yanar ido ta fara rufe masa gani, kuma abin da yake so a duniya ɗaya ne, ya ga fuskar ɗansa kafin idon ya tafi gaba ɗaya. Amma ɗan fari ne. Mutanenmu na da ba sa kiran sunan ɗan fari, ba sa nuna sun damu da shi, in ya shigo su kawar da kai. Kunya ake ce mata. Ni har na girma ban taɓa jin sunan Baffa a bakin Kaka ba. Abin da yake kiransa shi ne mai wankin doki.

Duk shekara in an sauko daga Arfa, Kaka zai sa a rubuta wasiƙa a ba alhazan da za su koma ta Sudan. Da farko Baba ne ke rubutawa. Sai alhazai suka fara zuwa da labarin cewa bayan Turawa sun tafi an sauke dokin, an mayar musu da kayansu, dakalin kawai ya rage. Ba mutum ɗaya ba, ba biyu ba. Baba ya ce shi ba zai ƙara rubuta wa dakali wasiƙa ba, amma a bayan ido ya faɗa. A gaban Kaka cewa ya yi hannunsa na ciwo. Sai abin ya faɗo kaina. Ina da shekara goma sha ɗaya, na yi 'yan shekaru a makarantar allo, ina iya haɗa baƙi da ƙyar.

Muna zama a inuwar ɗaki, an shanya naman layya a igiya ƙudaje suna bi, zafi ya fara shigowa. Ni da tawada da alƙalami, shi da buta a cinya yana gogewa. Gaisuwa kaɗai sai ta ci rabin takarda. A gai da mai shayi, a gai da iyalinsa, a gai da liman, a gai da wani mai wanki da na tabbata ya daɗe da mutuwa. Sannan a shiga zancen.

“Rubuta. A gaya wa mai wankin doki, ƙarƙashin ciki nan ne ruwa ke taruwa, kada ya manta. A gaya masa matakin tsani na uku ya yi rauni, ya canja shi. In an yi ruwa kada ya hau da jiƙaƙƙiyar ƙafa. Kada ya yi aikin da tsakar rana, ba shi da ƙarfin kai tun yana ƙarami.”

A bayan takardar kuma: a ba mai shayi na Gindin Doki, Hartum.

Ni jika ne, akwai wasa tsakaninmu, ina iya faɗa masa abin da Baba ba zai iya ba. Na ce, “Tsoho, dokin nan fa babu shi.”

“Ubanka ne ya ɗauke?”

“Kowa ya faɗa. Alhajin jiya ma ya faɗa, a gabanka.”

“Alhajin jiya ko hanyar Safa bai gane ba sai da aka kama hannunsa. Ƙarti goma ba sa ɗaga kofaton dokin nan. Ni na san nauyinsa. Rubuta, magatakardan banza.”

Rubutun ba shi ne wahalar ba. Wahalar ita ce neman wanda zai karɓa. In sauka dutse da ƙafa ba takalmi, in bi gidajen da ake sauke alhazanmu, ɗaki-ɗaki, ina tambayar wa zai bi ta Hartum. Da yawa sun fara zuwa ta jirgin sama, ba ruwansu da Sudan. Waɗanda za su bi ta can kuwa in suka karanta bayan takardar sai dariya. Har suna aka sa mini, jikan mai doki. Sa'o'ina suna can suna yi wa alhazai ɗaukar kaya, ana ba su alawa, ni ina yawo da wasiƙar dakali. Amsa kuwa ko ɗaya ba ta taɓa zuwa ba.

A shekara ta uku na koma gida na jefar da takardar a gaban Inna, na ce na gama, tsohon nan ya ruɗe. Tana suyar waina ce, ta sayar wa alhazai. Ba ta ko ɗago ba.

“Kai dai kanka babu komai,” ta ce. “Dokin ƙarfe ne ke ciwon kai in ya sha rana? In ya yarda babu doki, ina zai aika wasiƙar? Wa zai ce a gaya wa?”

Na tsaya ina kallonta. Na ce to me zai hana ya ce masa ya zo.

“Ɗan fari ne.”

“To Baba ya rubuta masa mana.”

“Ƙane ya kira wansa a bayan idon ubansu? Ɗauki takardarka ka ba ni wuri, mai yana ƙonewa.”

Ka ji fa. Gida cike da manya, kowa ya san ciwon, kowa yana da dalilin yin shiru. Ni abin ba tausayi ya ba ni ba, haushi ya ba ni. Washegari na sami wani direba da zai bi ta Hartum, a inda motocin Jidda ke lodi. Kafin in miƙa masa, na tsuguna a jikin bango, na ciro guntun fensir, na cika ƙasan takardar. Har yau ina tuna abin da na rubuta, don ba shi da yawa.

Baffa, ni ne jikan da ke rubutu. Doki babu, kowa ya sani. Tsoho ba doki yake nema ba, kai yake nema. Idonsa ya kusa tafiya. Ka zo, ko ka aiko ka ce ba za ka zo ba. Ni na gaji da hawan dutse.

Ko gaisuwa ban sa ba. A raina wasiƙar ba inda za ta, ƙarshenta wani ya ƙunshe goro da ita a hanya. Na miƙa, na koma gida, na manta.

Shekarar nan yanar ta ƙarasa aikinta. Da in ka matso kusa yana gane fuskarka. Zuwa azumi ya koma sai inuwa, ya san akwai mutum a tsaye amma sai ka yi magana. Aikin bai bari ba, da yatsa yake bin tagulla yana jin inda ya rage. Lokacin sanyi ya wuce, aka yi ruwan nan na Makka mai zuwa sau ɗaya ya kwashe wa mutane kaya, alhazai suka fara shigowa.

Wata la'asar sai ga wani mutum yana hawo dutse da akwatin ƙarfe a ka, siriri, furfura ta fara fito masa, yana tambayar yara gidan tsoho mai goge tagulla. Baba yana gyaran ƙyauren ƙofa. Ya ɗago, guduma ta faɗi daga hannunsa. Ban taɓa ganin Baba yana gudu ba sai ran nan. Inna ta rufe fuska da mayafi tana kuka a bakin murhu.

Kaka yana kan tabarmarsa. Ya ji muryar tun daga waje, na ga hannunsa ya tsaya a kan butar. Baffa ya cire takalmi, ya durƙusa nesa, can bakin tabarma. Ni na matso, na ce yau zan ga abin da aka shekara goma sha biyu ana jira.

Kaka ya juya fuskarsa wajen bango.

“An zo lafiya?”

“Lafiya lau. Mun same ku lafiya?”

“Alhamdu lillahi. Ya teku?”

“Da sauƙi.”

Akuyar maƙwabta tana cin kwali a bakin ƙofa, ana jin ta sarai.

“An ce sun cire dokin,” in ji Kaka.

“Sun cire.”

“Da me suka ɗaga shi?”

“Da injin ɗaga kaya. Suka zagaya masa igiyoyi.”

“Ta ina suka ɗaura?”

“Ta ƙirji da ƙugu.”

“To. Da ta ƙafa suka ɗaura da sun karya shi.”

Wallahi sai da na ji kamar in ƙwala ihu. Alhazai sun shekara da shekaru suna faɗa masa yana ƙaryata su, yanzu a numfashi ɗaya ya yarda, har yana ba da shawarar ɗauri. Suka ci gaba. Mutum nawa suka ja, wace mota aka ɗora shi, ƙafar daman nan ta koma baƙa daidai da sauran ko har aka tafi da shi ana gane ta. Baffa ya ce in mutum ya sani yana ganewa. Kaka ya yi murmushi.

Can sai ya ce, “Aikin nan yana cin hannu. A miƙo in ji.”

Baffa ya ja gwiwa ya matso, ya miƙa hannayensa biyu. Kaka ya kama. Ya bi tafin da babban yatsa, kamar yadda yake bin tagulla, ya bi kanta, ya bi wani tabo a wuyan hannu.

“Wannan ba kantar burushi ba ce,” ya ce.

“Dako nake yi a kasuwa. Tun da aka cire shi.”

Kaka bai juyo ba. Fuskarsa tana wajen bango, amma hannun bai saki ba. Aka kira magariba yana riƙe da shi. Sai ya ce da ni, “Kai ɗan banza, kana tsaye, ba ka kawo wa baƙo ruwa ba?”

Baƙo. Haka ya ce.

Bayan kwana biyu Baffa ya ja ni bayan ɗaki, ya kama kunnena ya murɗa har sai da na ga taurari.

“Kai ne marubucin?”

Na ce ni ne.

Ashe wasiƙun duk suna isa. Mai shayin yana nan inda yake, Hausawan Hartum kuma ba su daina kiran wurin Gindin Doki ba, ko da yake babu ko jelar doki. Baffa ba ya karatu, wani malami ne ke karanta masa, a teburin shayi, a gaban jama'a. Malamin ya karanta zancen tsani, ya zarce ƙasan takarda da murya ɗaya, bai ankara ba sai da ya kai na gaji da hawan dutse.

“Ka san mutum nawa ke zaune a wurin?” in ji Baffa. “Wata guda ina wucewa ana ce mini, an gaji da hawan dutse.”

Na ce to me ya hana shi amsawa duk shekarun nan.

“In ce me? Duk shekara doki ake tambayata. In aiko in ce aikin da aka bar mini ya lalace a hannuna? Na zaci dokin ne a ransa.” Ya saki kunnen. “Da na san zancen ido, da tuni na zo.”

Kusan shekara ya yi yana haɗa guzuri. Ka lissafa da kanka. Da wani babba a gidan nan ya buɗe baki shekara biyu kafin nan, da Kaka ya ga fuskar ɗansa. Bai gan ta ba. Hannu ya samu. Wannan shi ne abin da har yau ban yafe wa kowa ba, har da ni, don ni ma na rubuta biyu ban ƙara komai ba.

Ko Kaka ya san abin da na yi, ban sani ba. Abin da ya ce kawai, da aka sauko daga Arfa na ɗauko tawada don in tsokane shi, shi ne, “Na sallame ka, magatakarda. Dama rubutunka kamar kaza ta bi ta kan takarda.”

Baffa bai koma ba, daga baya iyalinsa suka biyo shi. Shekara biyu yana jan sandar Kaka zuwa masallaci, sau biyar a rana, sama da ƙasa a kan duwatsun nan. Ina bin su a baya wani lokaci. Hirarsu ba ta wuce farashin tsamiya da yadda masu aikin yanzu ba su iya guga ba. Har aka kai Kaka makwancinsa bai kira sunansa ba.

Yanzu duk sun tafi. Ɗakunan gwangwanin ma babu su, ni ina haya a unguwar Zahir, hawa na biyu. 'Ya'yana Hausarsu ta gaisuwa ce, da Larabci suke mafarki. Ina jin su a waya da 'ya'yansu, ya habibi, ya galbi, wato masoyina, zuciyata, a gaban kowa, ba ko ɗar. Na sha faɗa a majalisa cewa wannan ya fi, gara a faɗa, kunyar da ta ci idon kakana ba abin kewa ba ce. Abokaina sun san ni da wannan magana.

Babban ɗana yana aiki a Dammam. Salla uku ke nan bai zo ba. Likita kuma ya ce sukarin nan ya fara taɓa mini ido na hagu, ban gaya wa kowa ba sai uwarsu. Jiya bayan la'asar na ɗauki waya da niyyar in ce masa ya zo. Na shirya maganar tun a masallaci, kalma huɗu ce ko biyar. Ya ɗauka, ya gaishe ni, na amsa.

Na ce, “Motar nan taka, an canja mata taya kuwa? Hanyar Riyad tana cin taya da zafin nan.”

Ya ce an canja.

Na ce to madalla, a dinga duba ruwan injin. Ya ce in sha Allahu. Na kashe wayar.

Uwarsu tana tsaye a ƙofar kicin tana kallona. Na ce mata me kuma.